Wai "ƙatti ne kawai masu ture-ture"

To, wanda ya ce mana jiya 'yan layin gaba a ƙwallon Amurka, wato masu tare abokan hamayya don buɗe wa mai riƙe da ƙwallo hanya, ƙatti ne kawai masu ture-ture, sannu da ƙoƙari, malam masani. Wasa ɗaya ka leƙa a waya, har ka zama alƙali.

Tunda zancen alƙali ya zo, ka san Duke Slater? Ba ka san shi ba, kuma abin da ke ci min rai ke nan. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga layin gaba a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, daga 1922 zuwa 1931, yawanci a ƙungiyoyin Rock Island da Chicago Cardinals. A 1927 shi kaɗai ne baƙi a duk gasar.

A 1929 abokin wasansa a Cardinals, Ernie Nevers, ya ci maki 40 shi ɗaya a wasa guda a kan Chicago Bears, har yau babu wanda ya kamo shi. Kowa Nevers, Nevers. Wa ke gabansa yana kawar masa da mutane? Slater. An sa Nevers a zauren gwarzayen wasan tun 1963. Slater fa? Sai 2020, shekara 54 bayan rasuwarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kar wani ya zo min da "ai ba ya cin maki". Ba aikinsa ba ne. Aikinsa buɗe hanya, kuma ya buɗe. Cire shi daga layin ka ga ko gwanin naka zai yi taku uku.

Masu cewa aikin ba ya son ƙwaƙwalwa kuma, yana cikin buga wasa ya gama karatun lauya a Jami'ar Iowa a 1928, a 1948 aka zaɓe shi alƙali a Chicago. Alƙali na gaske, mai kotu, ba irin namu na Facebook ba.

Wallahi abin na taɓa ni. Mutum ya sha duka shekara 10 don wani ya yi suna, sannan a kira shi ƙato kawai.

Af, yana makarantar sakandare a garin Clinton kuɗin mahaifinsa ba su isa hular kwano da takalmi gaba ɗaya ba, sai ya zaɓi takalmi, ya riƙa shiga fili kai ba hula. Ni da takalmin ƙwallona ya yage tun kafin azumi har yau ban kai wa mai gyara ba.