Hoton Maryam da aka haɗa da tarkacen kwamfuta ba izgili ba ne

Mutane da yawa, in suka ga siffar Maryam ta Guwadalupe, wato hoton Maryam uwar Yesu da 'yan Katolika na Meziko ke girmamawa, an haɗa ta da tarkacen kwamfuta, sukan ɗauka cewa mai zanen yana wulaƙanta addinin Katolika ne, tunda daga bola ya tsinto kayan aikinsa. Wannan fahimta ba daidai ba ce.

Marion Martinez, mai irin wannan zane, 'yar arewacin jihar New Mexico ta Amurka, wadda aka nuna ayyukanta a baje kolin Cyber Arte a birnin Santa Fe a 2001, ibada ce ke jan hannunta. Takan yanka koren allon lantarki na cikin kwamfuta ya zama mayafin Maryam, wayoyin tagulla kuma su zama hasken da ke kewaye da ita.

Yin amfani da abin da ke kusa tsohuwar al'ada ce a yankin. Masu sassaƙa siffofin waliyyai sun daɗe suna aiki da saiwar itace, kuma bayan shigowar sojojin Amurka a 1846, maƙeran yankin sun riƙa buɗe gwangwanayen da aka yar suna ƙawata hotunan ibada da su, ana rataye su a majami'u da ɗakunan gida.