Ranar da na kada Shaiɗan a majami'a

Duk wanda ya san ni a layin teloli na babbar kasuwar Maradi ya san abu biyu: Kirista ne ni, kuma mayen kokowa ne. Da za a tambayi uwargidana, cewa za ta yi a sake jerin, a fara da kokowar.

Ba laifina ba ne ni kaɗai. A gidanmu da labarin Kantu aka yaye mu, wato Yakuba Ango, ɗan Maradin da ya ɗauki takobin farko na gasar kokowar ƙasar Nijar a Tawa a 1975, wanda filin kokowar garinmu ke ɗauke da sunansa. Mahaifina ya iya ba da labarin kayensa kamar yadda ya iya labarin Dawuda da Goliyat, wani lokaci ma har ya ɗan cakuɗa su. To, wanda ya tashi a irin wannan gida, idan lokacin takobi ya zo, jihohi 8 suka kawo 'yan kokowa goma-goma, ina zai samu natsuwar saka zare a allura?

A ƙarshen shekarar da abin ya faru, Fasto ya ɗauki wata guda yana wa'azi a kan Matiyu 6:33, inda Yesu ya ce mu fara neman Mulkin Allah da adalcinsa, sauran abubuwa za a ƙara mana. Ranar farko wa'azin ya shige ni sosai. Da muka koma gida na tara iyali na ce daga yau Allah ne gaba a gidan nan, ɗinki baya, kuɗi baya, komai baya. Uwargida tana tankaɗen gari, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Har da kokowa, Maigida?"

Na ce har da ita. Da ƙarfi ma na faɗa, don a lokacin saura mako biyu a fara.

Sai ga Lahadi ta faɗo daidai ranar da 'yan Maradi za su shiga fili da safe. Na kwana ina lissafi. In ƙi zuwa sujada, bakina ya riga ya ɗaure ni. In je, a yi karawa babu ni. Can wajen asuba dabara ta zo mini, kuma yanzu na gane ko daga wa ta zo. Hunturu ake yi, hazo ya rufe gari, kowa da hular sanyi. Na saka ƙaramar wayata mai rediyo a aljihun ciki, na bi da igiyar sauraro ta ƙarƙashin riga, ta wuya, ta shige cikin hula. Kunnen dama na Fasto, na hagu na fili. Har na yaba wa kaina, na ce ai dama ta fi hagu daraja, Allah ne dai gaba.

Da farko komai ya tafi daidai. 'Yan zumuntar mata suna waƙa, ni ina rausaya da kiɗan makaɗan kokowa, ba wanda ya gane bambanci. Wata tsohuwa ma ta waigo ta yi mini murmushi, wai yau Ruhu ya sauko wa tela.

Fasto ya hau mumbari. A kunnen hagu kuwa namu ya shiga fili, an gama kirari, an damƙi juna. Mai sharhi yana ta ɗaga murya: ya kama ƙafa, ya saki, ya sake kamawa. Gumi ya karyo mini cikin sanyin nan. Fasto kuma ya iso inda yake cewa duk abin da mutum ya sa gaba da Allah gunki ne, ko kuɗi ne, ko sana'a, kuma Shaiɗan da ƙananan abubuwa yake kama ƙafar mai bi. Ya yi shiru irin na masu wa'azi, ya tambaya a hankali: "Amma me Yesu ya yi wa Shaiɗan a kan gicciye?"

Daidai nan namu ya ɗaga abokin karawarsa ya maka da ƙasa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ya kada shi! Ya kada shi warwas!"

Majami'a ta ɗauka da Amin. Tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa. Fasto ya nuna ni da yatsa, fuskarsa cike da murna, ya ce shekara nawa yana jiran ranar da ɗan'uwan nan zai buɗe baki a sujada. "Zo gaba, ɗan'uwa, ka ba da shaida."

Da ina da wayo, da na ce tari ya sarƙe ni. Amma na fito, ina tafe ina haɗa shaidar da zan bayar. Fasto ya rungume ni, hannunsa ya maƙale a igiyar, ta fizge daga waya. Waɗannan ƙananan wayoyi kuwa ba su da sirri, ko babu igiya rediyonsu ci gaba yake yi. Ga makirufo a bakin ƙirjina. Sai majami'a ta cika da ganga da ihun 'yan kallo, mai sharhi yana rantsuwa bai taɓa ganin kaye irin wannan ba.

Na shiga lalube. Aljihun ciki ne, ni na ɗinka shi da hannuna, na yi masa zip mai kyau don kada ɓarawo ya samu sa'a. Zip ɗin ya cije. Na danna ta saman riga don in kashe, ashe ƙara murya nake yi. Samari a baya sun kife a kan benci. Uwargida ta ja kallabi ta rufe fuska. Fasto dai ya tsaya ya jira ni har na ciro batir, sannan ya ce wa jama'a yau ba sai ya kawo misali ba, misalin ya kawo kansa.

Bayan an tashi, babban dattijon ikilisiya ya kira ni gindin dogon yaro. Ya yi mini faɗa na kusan rabin sa'a, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ce Allah ba ya karɓar kunne ɗaya. Na ce na tuba, Baba. Ya ce in kawo wayar, shi zai riƙa ajiye mini ita kowace Lahadi har a gama takobi. Na miƙa masa, da batir da igiyar duka.

Lahadi ta zagayo, na sake miƙa wa Baba wayar, na zauna a layin gaba, kunnuwana biyu a waje, na saurari wa'azi daga farko har ƙarshe. Da aka tashi na je karɓar wayata. Baba ya zaro ta daga aljihu ya ba ni. Na taɓa ta na ji ɗumi, cajin da na cika da daddare saura layi ɗaya.

Na dube shi. Ya gyara hular sanyinsa, ya ce, "Ɗana, kada ka wahalar da kanka kunnawa. An kada namu."