Kaushin nan ba lahani ba ne, shi ne aikin

Tun jiya maganar nan take ci mini rai, gara in amayar da ita in huta. Ku da kuka ga hoton da na sa ranar Asabar, na tambulan gilashi shida masu kaushin jiki da na sayo a gwanjo, kun san inda na dosa. Baiwar Allahn da ta zo gidana, na zuba mata zoɓo a ɗaya, ta jujjuya shi a hannu ta ce wai an cuce ni, ragowar kamfani aka sayar mini, shi ya sa jikinsa duk ƙuraje. Har da ba ni shawarar in mayar wa mai gwanjon ya ba ni kuɗina. Na yi shiru saboda baƙuwa ce, kuma ta girme ni. Amma a nan zan faɗa: kaushin nan ba lahani ba ne. Shi ne aikin.

Abin da ya fi ɓata mini rai ba ita kaɗai ba ce. Da yawanmu idonmu ya saba da cewa gilashi mai kyau sai ya yi sumul yana sheƙi, ga zinare a baki. Duk abin da ya kauce wa haka, to inji ne ya yi kuskure. Jama'a, santsi fa shi ne mafi sauƙi a wurin inji.

Kofin da aka kira ragowar kamfani sunansa Ultima Thule. Tapio Wirkkala ne ya zana shi, kamfanin Iittala na ƙasar Finlan ya fitar da shi a 1968. Mutumin nan yakan tafi can ƙuryar arewa, yankin Laplan, ya zauna yana kallon yadda ƙanƙara ke narkewa tana ɗiga idan sanyi ya fara raguwa. Abin da ya so ya kama ke nan a jikin gilashi. Da hannunsa ya sassaƙa mazubin farko (abin da ke ba narkakken gilashi siffa) a kan garafayit, wato baƙin abin nan na cikin fensir, sannan masu hura gilashi suka daɗe suna gwaji kafin narkakken gilashin ya yarda ya bi sassaƙar yadda ake so. Ki kifa kofin ki duba gindinsa, za ki ga 'yan tsinaye uku da yake tsaye a kansu, don kada ya manne wa teburi. Da kamfanin jirgin Finnair ya fara tashi daga Helsinki zuwa New York a 1969, da irin kofin nan ya shayar da fasinjojinsa. Shi ne za a ce inji ya ɓata?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya fi burge ni Timo Sarpaneva ne, shi ma mai zana wa Iittala kaya. Shi ya lura cewa idan aka hura gilashi mai zafin da ya haura digiri 1000 a cikin mazubin itace, itacen yakan ƙone ya tsattsage ya zama gawayi. A da masu aikin jiƙa mazubin suke yi, suna juya gilashin a ciki don ya fito sumul, in mazubi ya ƙone a jefar. Shi kuwa ya ce a bar wutar ta ci, kada a juya, a bar gilashin ya kwashi zanen ƙunar. Daga nan aka samu tulunan furen da ya kira Finlandia a 1964. Kowane hurawa sai itacen ya ƙara ƙonewa, saboda haka na biyu ba ya zama daidai da na farko. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Abin da kowa ke gudu a masana'anta, shi ya ɗauka ya mayar ado. Wallahi duk lokacin da na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ga kuma Oiva Toikka na masana'antar gilashi ta Nuutajärvi a Finlan, wadda aka kafa tun 1793. Gilashin da ake dannawa a mazubin ƙarfe yakan fito da layi a inda ɓangarorin mazubin suka haɗu. Maimakon a yi ta goge layin, sai ya jera 'yan ɗigo-ɗigo zagaye da faranti kamar raɓar asuba, layin ya ɓace a cikinsu. Kastehelmi ke nan, shi ma na 1964, ma'anar sunan lu'ulu'un raɓa. An daina yinsa a 1988, aka dawo da shi a 2010 saboda mutane ba su daina nemansa ba. Ƙurajen da ake raina su ne suka warware matsalar.

Na san abin da wasu za su ce. Wai datti na maƙalewa a jiki. Cikin kofin sumul yake, kaushin a waje yake, ki sa burushi mai taushi da ruwan ɗumi, shi ke nan. Wai ana samun irinsa da arha a kasuwa. Akwai masu kwaikwayo, ban musa ba, amma ki ɗaga su biyun a hasken taga ki ga yadda ɗaya ke farfasa haske kamar ruwa na gudu, ɗayan kuwa ya yi dishi-dishi. Wai kofi ai kofi ne, ruwa za a sha. Wannan ba zan ma tsaya a kansa ba. Wadda ta faɗi haka ba ta yarda a kai mata kowane irin leshi a lefe ba.

Abin da ke ba ni ciwo shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Kakata tana da ƙwaryar fura da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi, baƙin ƙuna ne adonta, in kin shafa sai kin ji tudu da kwari a yatsa. Ba wanda ya taɓa ce mata ƙwaryarta ta lalace. Hula zanna ma ai ba sumul take ba. Yaushe muka koma ganin duk abin da hannu ya bar wa alama a matsayin aibi? Kaushin nan aiki ne, na mutanen da suka tsaya gaban wuta da bututun ƙarfe a baki.

Biyu daga cikin tambulan ɗina har yanzu da 'yar jar takardarsu mai harafin i, tambarin Iittala da Sarpaneva ya zana a 1956. Kamfanin ya sauya shi a 2024, 'yan Finlan suka yi ta ƙorafi. Na hana yarana ɓare su.

Af, tunda ana maganar gilashi, wa ke da hanyar Bida a kwanan nan? Ina son mundayen nan na unguwar Masaga da ake narka tsofaffin kwalabe a yi. Na mahaifiyata guda ɗaya ya rage, kore, kuma ya fara tsagewa. In akwai mai zuwa ta yi mini magana, zan turo kuɗin da awon hannuna.