Kafin ka kira ɗan wasa maci amana, ka duba kwantiraginsa

Jama'a, duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa, daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta ko kuma a Janairu, gardama ɗaya ce ke cika gidajen kallon ƙwallo a Zariya, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, daga Samaru zuwa cikin birni. Ɗan wasa ya buga wasa uku bai ci ba, ana ta raɗe-raɗin wata ƙungiya na zawarcinsa, sai a yanke masa hukunci nan take: "Ai zuciyarsa ta tafi." "Da gangan yake ɓarar da ƙwallo." "Maci amana ne." Wani kuma ya miƙe ya ce a ƙyale yaro ya nemi arzikinsa. A yi ta musu har a kashe janareta, ba wanda ya yi tambayar da za ta raba rabin gardamar: shekara nawa ta rage a kwantiraginsa?

Ra'ayina a fili yake. Son barin ƙungiya ba cin amana ba ne. Ƙin sabunta kwantiragi ba cin amana ba ne. Cin amana shi ne ka sa hannu, kana karɓar albashi, sannan ka ƙi zuwa atisaye ko ka ƙi buga wasa don ka tilasta a sayar da kai. Tsakanin waɗannan akwai tazara mai faɗi, kuma mu magoya baya mun saba haɗa su a tukunya ɗaya.

Bari mu fara da takarda. A dokar FIFA kwantiragi ba ya wuce shekara 5, sai inda dokar ƙasa ta yarda da fiye da haka, kamar Ingila. Tun bayan shari'ar wani ɗan wasa mai suna Bosman a 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai yana tafiya kyauta, ƙungiyarsa ba ta samun ko sisi. Kuma idan saura wata 6, yana da damar ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya ta ƙasar waje ba tare da neman izinin kowa ba. Saboda haka farashin ɗan wasa yana bin kalanda. Mai sauran shekara 4, ƙungiya ce ke da iko a kansa. Mai sauran shekara 2, lokacin yanke shawara ya yi: ko a sabunta ko a sayar. Mai sauran shekara 1, ikon ya koma hannunsa da na wakilinsa. Abin da ya faru da Robin van Persie ke nan a 2012. Ya ci ƙwallo 30 a Firimiya, ya ce ba zai sabunta ba, saura shekara ɗaya, Arsenal ta ga gara ta karɓi kuɗi daga Manchester United da ya tafi a banza. 'Yan Arsenal har gobe ba su yafe masa ba, kuma na fahimci zafin, musamman da ya je can ya ci 26 ya ɗaga kofi. Amma a kakarsa ta ƙarshe a Landan babu wanda zai ce ya rage gudu.

Yanzu ku dubi ɗaya gefen, wanda ba a cika kawowa a majalisa ba. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa fam miliyan 50 a kan shekara 5, a littafin lissafinta tana rubuta miliyan 10 ne kowace shekara. Bayan shekara 3 darajarsa a littafi ta koma miliyan 20. Idan ta sayar da shi 40, ribar da za ta rubuta 20 ce. Amma yaron da ta raina da kanta tun yana ƙarami, darajarsa a littafi sifiri ce, don haka duk abin da aka biya a kansa riba ce tsantsa. Dokar Firimiya kuwa, har zuwa kakar 2025/26, ta daɗe tana hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara 3. To wa kuke gani za a fara sayarwa idan lissafi ya ƙi daidaita? Ɗan gida. Conor Gallagher ya tashi a Chelsea tun yana yaro, ya ɗaura kambun kyaftin a yawancin wasannin kakar 2023/24, aka sayar da shi ga Atletico Madrid a 2024. Scott McTominay ya shiga United yana ɗan shekara 5, aka tura shi Napoli shi ma a 2024, ya je ya ci kofin gasar Serie A ta Italiya har aka zaɓe shi gwarzon gasar. Ban taɓa jin an kira ƙungiya maciya amana a gidan kallo ba. Ana cewa "kasuwanci ne". Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Labarin Victor Osimhen ya isa darasi, domin kowa a garin nan ya bi shi daki-daki. Ya je Napoli daga Lille a 2020. A Nuwamban 2021 ƙashin fuskarsa ya karye a wasa da Inter, aka yi masa tiyata, ya dawo da takunkumin da ya zama alamarsa, bai daina sa kai a ƙwallon sama ba. A 2023 ya ci 26 a gasar, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a Serie A, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. Watanni kaɗan bayan haka, da ya ɓarar da fenareti a wasa da Bologna, shafin TikTok na ƙungiyar tasa ne ya saka bidiyon yi masa ba'a. Duk da haka ya sabunta kwantiragi a Disamba, da sharaɗin farashin da za a biya a sake shi. A ƙarshen Agustan 2024 ciniki da Chelsea da Al-Ahli ya rushe a ranar rufe kasuwa, Napoli ta cire sunansa daga jerin 'yan wasanta, sai da ya tafi aro Galatasaray saboda kasuwar Turkiyya ba ta rufe ba tukuna. A lokacin har a cikinmu akwai masu cewa kwaɗayi ya kashe shi, ya ƙare. Ya ci ƙwallo 37 a kakar, 26 daga ciki a lig, suka ɗauki lig da kofin ƙalubale, Galatasaray ta biya yuro miliyan 75 ta riƙe shi. Mutumin da aka wulaƙanta haka kuma bai taɓa rage ƙwazo a fili ba, ban ga ta inda za a liƙa masa cin amana ba.

Haka Trent Alexander-Arnold. Shekara kusan 20 a Liverpool tun yana ɗan shekara 6, ya ci Gasar Zakarun Turai a 2019, ya ci Firimiya a 2020 da 2025, ya buga har ƙarshen kakarsa ta ƙarshe a kwantiragi. An yi masa ihu a Anfield, filin Liverpool, a watan Mayun 2025 bayan ya sanar zai tafi. Abin da ya ci wa magoya baya rai shi ne ƙungiya ba ta sami kuɗin kirki a kansa ba. To wannan laifin shugabanni ne da suka bari har ya shiga shekararsa ta ƙarshe.

Inda nake ɗora laifi a kan ɗan wasa shi ne irin abin da Alexander Isak ya yi a 2025. Saura shekara 3 a kwantiraginsa da Newcastle, ya ƙi bin tawaga atisayen share fage, ya ƙi bugawa har aka fara gasa, ya fito a Instagram yana cewa an karya masa alkawari. Ademola Lookman, namu ne kuma ina ƙaunarsa, ba wanda zai manta ƙwallo ukun da ya ci Bayer Leverkusen a wasan ƙarshe na Europa a 2024, shi ma ya bi wannan hanya da Inter ta neme shi: ya fitar da sanarwar neman tafiya, ya daina zuwa atisaye na wani lokaci. Ya ce an yi masa alkawari. Ƙungiyarsa ta lokacin, Atalanta, ta ce alkawarin na sayarwa ga ƙungiyar waje ne, ba abokiyar hamayya a Italiya ba. Kuma ban manta cewa kocinsa na lokacin Gasperini ya tozarta shi a bainar jama'a a kan fenareti a Fabrairun 2025 ba. Yana da dalilin jin haushi. Amma alkawarin baki a ƙwallon Turai ba ya tsayawa a gaban kowa. Idan kana son ƙofar fita, wakilinka ya rubuta ta a kwantiragi: farashi kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, ga ƙungiyoyin da sharaɗin ya shafa. A Sifaniya kowane kwantiragi yana da wannan farashi, shi ya sa PSG ta ajiye yuro miliyan 222 a 2017 ta ɗauke Neymar, Barcelona na kallo. Wanda ya sa hannu a shekara 6 babu wannan sharaɗi, wakilinsa ne ya cuce shi, kuma abokan wasansa da aka bari da giɓi ba su da laifin da za a hukunta su.

Sai maganar faɗuwar ƙwazo, wadda a nan ne muka fi zalunci. Yawancin abin da muke kira "zuciyarsa ta tafi" a ƙafa yake. Atisayen share fage na mako 5 zuwa 6 shi ne ke gina jikin da zai ɗauki wata 9. Wanda ya rasa shi, ko da yana gudu shi kaɗai da mai horar da shi, ba ya samun saurin juyi da karo irin na wasa. Yakan makara da taki ɗaya, kuma taki ɗaya shi ne bambancin ƙwallo a raga da ƙwallo a ƙafar mai tsaron baya. Idan aka gaggauta jefa shi wasa biyu a mako, tsokar bayan cinya ko ta matsematsi ce ke fara kuka. Harry Kane ya makara dawowa atisaye a Tottenham a 2021 lokacin da yake son komawa Manchester City. Har tsakiyar Disamba ƙwallo ɗaya ya ci a Firimiya, aka ce ya yi yaji. Da jiki ya dawo, ya gama kakar da 17. Isak ya sami abin da yake so, Liverpool ta biya fam miliyan 125, amma sai ƙarshen Nuwamba ya ci ƙwallonsa ta farko a lig a sabuwar rigar. Shin a can ma zuciyarsa tafiya ta yi? Wanda ya yi yajin atisaye, kansa yake fara yi wa illa.

Akwai kuma tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Ciniki ba ya kammala sai an yi gwajin lafiya, ana duba zuciya, gwiwa, idon sawu da tarihin rauni. Rauni ɗaya na iya rushe komai. Sadiq Umar, ɗan Kaduna, ya koma Real Sociedad daga Almeria a farkon Satumban 2022, cikin kwanaki kaɗan jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakar ta tafi gaba ɗaya. Da abin ya faru mako biyu kafin cinikin, da babu cinikin. Ɗan wasan da ya san haka, kuma ya san yawan bakunan da ke ci daga albashinsa a gida, zai iya janye ƙafa a karon da babu tabbas. Ban ce daidai ne ba, koci yana da hakkin ajiye shi a benci. Amma wannan daban yake da ɓarar da ƙwallo da gangan.

Game da jita-jitar kanta, ku riƙa tambayar wa za ta amfana. Wakili na sakin labari idan yana neman ƙarin albashi a teburin sabuntawa. Ƙungiyar da ke son sayarwa na saki don a sami masu tayi biyu farashi ya hau. Wani lokaci kuma tana saki ne don magoya baya su tsani ɗan wasan kafin ta sayar da shi, ta tsira daga zagi. "Suna sha'awarsa" ba komai ba ne. Ciniki na gaske yana da matakai: tayi a rubuce, amincewar ƙungiyoyin biyu a kan farashi da yadda za a biya shi kashi-kashi, yarjejeniyar albashi da ɗan wasa, kason wakili, gwajin lafiya, sannan shigar da takardu a na'urar FIFA kafin a rufe kasuwa. Kowane mataki na iya karyewa. David de Gea ya kwana a matsayin golan United a 2015 saboda takardun tafiyarsa Real Madrid ba su shiga a kan lokaci ba. Peter Odemwingie ya tuƙa mota har ƙofar QPR a Janairun 2013 alhali West Brom ba ta amince ba, ya koma gida da kunya.

Idan kana son ka san ko da gaske ɗan wasa ya saki jiki, kada ka ƙirga ƙwallayen wasa uku. Ɗauki wasa 10 aƙalla. Cire fenareti, domin kusan uku cikin huɗu shiga suke yi ko wa ya buga. Duba minti nawa ya buga, ba sau nawa aka ga sunansa a jeri ba. Duba ko yawan harbinsa a cikin da'ira ya ragu. Idan yana kai kansa wurin yana harbawa, ƙwallon ce kawai ba ta shiga, to za ta dawo. Idan harbin ne ya ragu, tambayi wa yake ba shi ƙwallo a da: an sayar da shi, ya ji rauni, ko koci ya sauya tsari ya mayar da shi gefe? Sannan a wasa na gaba ka ware minti 15 ka daina bin ƙwallo da ido, ka bi shi kaɗai. Idan aka ƙwace ƙwallo daga ƙungiyarsa, yana juyowa da gudu cikin daƙiƙun farko ko yana ɗaga hannu yana ƙorafi? Yana rufe wa mai tsaron baya hanyar miƙa ƙwallo tsakiya? Yana yin gudun da zai ja mutum ya buɗe wa abokinsa fili, ko da ya san ba shi za a ba? A bugun kwana na abokan hamayya, yana riƙe mutuminsa har a fitar da ƙwallon? Talabijin ba ta cika nuna wannan a kusa ba, sai ka jira lokacin da kyamara ta ja baya ta nuna rabin fili, musamman daga minti na 70 zuwa sama, lokacin da kowa ya gaji.