Ranar da Yaya ta roƙe ni aron mahaifa

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina, kuma sai da na nemi izinin mai maganar kafin na sake shi. Yayata ce, ciki ɗaya. Shekararta 11 da aure, ɓari huɗu, na ƙarshen ya zo da zubar jinin da sai da aka cire mata mahaifa. Ƙwan haihuwarta lafiya lau, wurin zamansa ne babu. Wata rana da daddare ta kira ni, muka yi ta hirar da ba kai ba gindi, can sai ta yi shiru, ta ce, "Ƙanwata, da za ki iya ɗaukar mini ciki..." Ba ta ƙarasa ba. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce, "Haba Yaya, wannan har sai kin roƙa?"

A kan wannan amsar tawa nake so mu yi magana, domin kunya da tausayi ne suka ba da ita, ni ban ko zauna na yi tunani ba.

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake ba: iri biyu ne. Akwai wanda ƙwan mai ɗaukar cikin ake amfani da shi, wato ɗan nata ne na jini. Akwai kuma wanda ake haɗa ƙwan matar da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, irin dabarar da aka haifi Louise Brown da ita a Ingila a 1978, jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, sannan a dasa a mahaifar wata. Na farkon ne ya jawo shari'ar nan ta Baby M a Amurka. A 1986 Mary Beth Whitehead ta haifi 'yar da aka yi yarjejeniya za ta miƙa a kan dala 10,000, da ta riƙe ta a hannu sai ta ce ta fasa. A 1988 kotun ƙolin jihar New Jersey ta rushe yarjejeniyar, ta ce ita ce uwa, amma riƙon yarinyar ya tafi wurin uban. Kowa ya fita da rauni. Irin na biyun Yaya take nufi, har tana cewa, "Ai ba jininki ba ne, ajiya ce kawai zan ba ki."

Ajiya. Kalmar ta kwantar mini da hankali har ranar da muka je ganin likita. Likitar ta zaro sirinji ta ajiye a gabana, allura doguwa, maganin kuma mai kauri kamar mai. Ta ce irin wannan za a riƙa yi mini kusan kullum, tun kafin dashe har cikin ya kai wajen mako 10 zuwa 12, ban da ƙwayoyin da za su shirya mahaifar. Ta ce cikin da ƙwansa ba na mai ɗauke da shi ba ne ya fi saurin kawo hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. In an dasa biyu don kada a yi asarar kuɗi, tagwaye na iya kamawa, haɗarin bakwaini da tiyata ya ƙaru. Duk wannan na jure. Sai ta dube mu ta ce, "In hoto ya nuna ɗan yana da nakasa, ko cikin ya zama barazana ga ranki, wa zai yanke hukunci a cikinku?" Na kalli Yaya, Yaya ta kalli ƙasa.

To, ra'ayina ke nan, wanda zai ji haushi ya ji. Duk macen da ake nema da wannan, ko don kuɗi ko don zumunci, ranar murna ake nuna mata: ga jariri, ga hawayen farin ciki, ga addu'a. Ba a kan wannan ranar ake yanke shawara ba. A kan ranar da abin ya lalace ake yankewa. A ƙarshen 2013 a Tailan wata ta haifa wa wasu ma'aurata 'yan Ostireliya tagwaye, suka tafi da macen, namijin mai larurar Down, wato nakasar da ake haihuwar yaro da ita, ya zauna a hannunta. A 2015 Tailan ta hana baƙi wannan ciniki. A Yukren, lokacin kullen korona a 2020, jarirai sun taru a otal a Kiyef suna jiran iyayen da aka rufe wa iyaka. Indiya, wadda ta yi suna a harkar, ta haramta yin ta don kuɗi da dokar 2021. Ingila kuwa doka ta ce wadda ta haifa ita ce uwa, kuma ba a karɓar amincewarta ta sallama ɗan sai bayan mako 6 da haihuwa. Su ma sun gane cewa alkawarin da mace ta yi kafin naƙuda daban, abin da zuciyarta za ta faɗa bayan ta daban.

Sai batun addini, wanda na so in tsallake amma ya ƙi tsallakuwa. Majalisar fikihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta taɓa halatta shi tsakanin kishiyoyi a 1984, ta dawo ta janye a 1985. Taron fikihu na ƙasashen Musulmi a Amman a 1986 shi ma ya hana. A Iran ana yi da izinin malamansu. Fafaroma Francis a farkon 2024 ya nemi a haramta shi a duniya gaba ɗaya. Ni ba malama ba ce, amma ayar nan ta Suratul Mujadala da ke cewa iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su ta hana ni barci. In ni na haifa, ni ce wa a wurin yaron? Inna ko uwa?

Amma in faɗi gaskiya, ba fatawa ce ta fara karya mini gwiwa ba. Haihuwata biyu, na san abin da ke faruwa a kwana na uku: nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, riga ta jiƙe da zarar an ji kukan jariri, ko na maƙwabta ne. Jiki bai san an sa hannu a takarda ba. Masana ma sun gano cewa ƙwayoyin halittar ɗan tayi kan zauna a jikin wadda ta ɗauke shi shekaru da dama. Na hango kaina a wannan daren, hannu wayam, sannan in ci gaba da ganin yaron a kowane taron dangi yana kirana Anti.

Ba na zagin wadda ta yi. Akwai matan da suka yi da zuciya ɗaya, ba su yi nadama ba. Abin da nake tambaya shi ne: da kin ce a'a, za ki iya ci gaba da shiga gidan? Za ki iya biyan bashin da ke kanki? In ba za ki iya ba, to ba zaɓi aka ba ki ba.

Mako uku na yi kafin na iya kiran Yaya. Na ce, "Yaya, ki yafe mini, ba zan iya ba." Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin numfashinta. Sannan ta ce, "Tun ranar da likitar nan ta yi tambaya na sani." Muka yi kuka, ta tambaye ni ko ƙaramin ya daina tarin, na ce da sauƙi. Har yau ba mu sake tayar da maganar ba, kuma har yau in wayarta ta shigo da daddare sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka.