Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne

Wannan doka da Ostareliya ta zartar a ƙarshen 2024, wadda ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a TikTok, Instagram da makamantansu, ni dai ina goyon bayanta. Abin da ya fi burge ni, kamfanin ne za a ci tara, yaro da iyayensa ba ruwansu.

Masu cewa tarbiyya aikin gida ce, gaskiyarku, amma ku duba da wa uwa take kokawa. Ƙwararru ake biya albashi mai tsoka don kada yaron ya ajiye waya. Bidiyo na ƙarewa wani ya hau da kansa, ka yi ta ja sama babu ƙarshe, in ka ɗan yi shiru saƙo ya faɗo yana kiranka. Daga talla kuɗinsu ke fitowa, duk mintin da ka ƙara riba ce a wurinsu. Kuma sun san illar. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook (kamfanin da ya mallaki Instagram), ta fitar a 2021 sun nuna binciken Facebook na cikin gida ya gano Instagram na sa wasu 'yan mata ƙyamar surar jikinsu.

Ƙanwata tana shirin JAMB. Tsakar dare sai ka ga hasken waya a ƙarƙashin bargo, da safe idonta jawur, littafi ko buɗewa ba a yi ba. Wallahi yarinya ce mai hankali, ta sha goge manhajar tana sake saukewa. Ya kamata 'yan majalisarmu a Abuja su ma su kira kamfanonin nan su yi bayani.