Seattle ba ta gudu ba, ƙwace mata ƙungiya aka yi

Wallahi raina ya ɓaci da wanda ya rubuto jiya cewa mutanen Seattle ne suka watsar da SuperSonics (Sonics), ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando a gasar NBA ta Amurka, wai shi ya sa aka kai ta Oklahoma City. Malam, ka san abin da ya faru a kakar 2007-08 kuwa, ko kofin da Thunder, sabon sunan ƙungiyar a Oklahoma, ta ɗauka a 2025 ne ya rufe maka ido?

Ƙwace musu ƙungiya aka yi, da rana tsaka. Howard Schultz na Starbucks ya sayar wa Clay Bennett da abokansa 'yan Oklahoma a 2006 kan dala miliyan 350. Shekara ba ta zagayo sosai ba aka tura Ray Allen Boston, Rashard Lewis ya tafi Orlando. An cire ginshiƙai biyu, aka bar yaro ɗan shekara 19, Kevin Durant, da kaya a ka. Wasa 20 suka ci, aka doke su 62, mafi muni a tarihin ƙungiyar. To ka rushe wa mutum ɗaki sannan ka ce ya ƙi kwana a ciki?

Kada wani ya zo min da zancen wai filin wasansu, KeyArena, ya tsufa. A 1995 aka gama sabunta shi. Sababbin masu ƙungiyar sun nemi ɗaruruwan miliyoyin daloli na kuɗin haraji a gina musu wani, aka ce a'a, ita ce hujjar da suke jira. Ai ɗaya daga cikinsu, Aubrey McClendon, ya fito ya ce ba don su bar ta a Seattle suka saye ta ba, har NBA ta ci shi tarar dala dubu 250. Da bakinsa fa ya faɗa!

Ku je ku kalli wasansu na ƙarshe a gida, 13 ga Afrilu 2008, da Dallas. Ƙungiyar da ke can ƙasan tebur, amma jama'a a tsaye suna ihu a ceto musu Sonics, tsohon tauraronsu Gary Payton na cikin 'yan kallo, Durant yana ɗaga hannuwa yana ƙara zuga su. Suka ci 99-95. Waɗannan ne suka watsar da ƙungiya? Kwana biyar bayan haka masu ƙungiyoyin NBA suka kaɗa ƙuri'a, 28 suka yarda a tafi, biyu kacal suka ƙi: Mark Cuban na Dallas da Paul Allen na Portland.

Masu cewa ai kasuwanci ne, mai kuɗi ya yi yadda ya so da kayansa, ku riƙe maganarku. Tun 1967 uba ke riƙo hannun ɗansa zuwa kallo, kofin 1979, Payton da Shawn Kemp a gaban Chicago Bulls ta Michael Jordan a wasan ƙarshe na 1996. Shekara 41! Aka biya birnin dala miliyan 45 aka kwashe kaya. Wannan abin yana min ciwo har yau.

Af, kuma ba a yi wa Storm adalci a wannan hira. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ce a Seattle, ita ma a lokacin tana hannun Bennett, wasu mata 'yan garin suka haɗa kuɗi suka saye ta a 2008. Da tauraruwarsu Sue Bird suka ƙara kofi a 2010, 2018 da 2020.